Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanonin Inshorar Mota Da Hukumomin Da Ke Sa Musu Ido

Zuwa ga shugabannin kamfanonin inshorar mota, da jami'an hukumomin da doka ta ɗora wa alhakin sa musu ido.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuto muku a bainar jama'a game da wani al'amari da yake shiga aljihun kowane mai mota duk shekara, alhali kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda ake ƙulla shi. Ina nufin hanyar da kuke bi wajen kasa direbobi rukuni-rukuni gwargwadon yiwuwar su yi haɗari, sannan ku yanka wa kowane rukuni kuɗin inshorar da zai biya. Sau da yawa za a sami mutum biyu da mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, kuma babu ɗayansu da ya taɓa ko gogar motar wani, amma kuɗin da za a nema a hannun ɗaya ya ninka na ɗayan, ba tare da ko layi guda a takardar da ya bayyana inda bambancin ya samo asali ba. Ba na cikin masu cewa a daina kasa direbobi, domin na san abin da zai biyo baya idan aka daina. Abin da nake nema a wajenku shi ne direba ya san dalilin kuɗin da aka yanka masa, ya kuma san hanyar da zai bi ya fita daga rukunin da aka saka shi.

Adalci ne in fara da ba ku haƙƙinku, domin lissafin da sana'arku ta ginu a kai ba zalunci ba ne a asalinsa. Kamfanin inshora yana karɓar kuɗi ne a kan alkawarin da bai san nawa zai ci masa ba, saboda haka tilas ya yi kirdado, kuma kirdadon ya dogara ga abu biyu, wato sau nawa ake sa ran 'yan wani rukuni za su nemi diyya, da kuma nawa diyyar take kaiwa idan an nema. Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Idan a cikin direbobi 1,000 ana sa ran 50 za su nemi diyya a shekara, kuma matsakaicin abin da ake biya ya kai kashi 20 cikin 100 na darajar mota, to rabon kowannensu a asarar shi ne kashi 1 cikin 100 na darajar motarsa. Idan kuwa a wani rukunin mutum 150 ne za su nema, rabon ya koma kashi 3, ko da motocin duk iri ɗaya ne. A kan wannan adadi ne kuke ɗora albashin ma'aikata, da la'adar dillalai, da kuɗin inshorar da ku ma kuke yi wa kanku a wajen kamfanonin da suka fi ku ƙarfi, da haraji, da riba. Masana lissafinku ba su san wane ne zai yi haɗarin ba, yawan haɗurran kawai suke iya hasashe, kuma hasashen yana ƙara kusantar gaskiya ne idan mutanen da aka tara suka yi yawa.

Na kuma fahimci dalilin da ya sa ba za ku iya yanka wa kowa kuɗi ɗaya ba. Kamfanin da ya yi haka a kasuwar da ake gasa, direbobi masu natsuwa za su bar shi su koma inda aka rage musu, masu ganganci kuma su yi masa caa saboda ya fi musu araha, har ya wayi gari diyyar da yake biya ta fi abin da yake karɓa. Haka nan alkaluman da kuke kafa hujja da su a kan matasa ba ƙage ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, sannan yiwuwar namiji ya mutu ta wannan hanya ta kusan ninka ta mace sau uku. A Amurka, idan aka auna da nisan tafiyar da aka yi, direbobi masu shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama. Duk wanda ya musanta wannan bai yi wa kansa adalci ba.

Sai dai mu koma kan misalin nan na ɗazu, domin a cikinsa ne damuwata take. A rukunin da kuka kira mai kasada, inda mutum 150 suka nemi diyya, akwai mutum 850 da suka kammala shekarar ba su jawo muku asarar ko ƙwandala ba, amma an yi musu kuɗin goro da sauran, sun biya ninki uku. Rukuni yana faɗar gaskiya a kan taro, amma game da mutum ɗaya zato kawai yake yi. Da inshorar mota haja ce da mutum yake saya don ganin dama, da sai a ce wanda bai gamsu ba ya haƙura. To amma tun daga dokar zirga-zirgar hanya ta 1930 a Birtaniya, wadda ta wajabta inshorar biyan wanda aka yi wa lahani, ƙasashe sun yi ta bin wannan sawu, har ya zamana a mafi yawan duniya ba ka da ikon hawa titi da mota sai da takardarku. Hajar da hukuma ta tilasta wa jama'a saye ba daidai take da sauran hajoji ba, kuma mai sayar da ita yana da nauyin yin bayani fiye da na kowane ɗan kasuwa.

Idan aka duba abubuwan da kuke aunawa, za a ga ba duka ne matsayinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suke hannun direba: tarihin haɗurran da ya jawo, laifuffukan hanya da aka kama shi da su, nisan da yake tafiya a shekara, ko motar ta zirga-zirgar gida ce ko ta neman kuɗi, da irin motar da ya zaɓa. Ba ni da ja a kan waɗannan. A Birtaniya an daɗe ana jera motocin da aka fitar kafin Agustan 2024 a rukunai daga 1 zuwa 50 bisa tsadar gyara da kayan gyara, da ƙarfin inji, da wahalar sacewa, ta yadda mai saye zai iya duba rukunin mota kafin ya biya kuɗinta. A Jamus ƙungiyar kamfanonin inshora tana fitar da ajin kowace irin mota da na kowane yanki duk shekara, kowa yana iya gani. Wannan ma'auni ne da yake koya wa mutum wani abu, domin yana nuna masa abin da zai canza ya sami sauƙi.

Akwai kuma abubuwan da ba su hannun direba, ko kuma ba su da alaƙa ta kai tsaye da yadda yake riƙe sitiyari: jinsinsa, ko yana da aure, sana'arsa, zurfin karatunsa, unguwar da yake kwana, ko gidan nasa ne ko na haya, da makin da aka ba shi a kan yadda yake biyan bashi. Amsarku a kullum ita ce alkaluma sun nuna waɗannan abubuwa suna tafiya tare da yawan neman diyya, kuma ban ce ƙarya kuke yi ba. Amma abu biyu su riƙa tafiya tare bai zama hujjar cewa ɗaya ne yake haifar da ɗayan ba, kuma ko da ya zama hujja, akwai sauran tambayar ko ya halatta a caje mutum a kansa. Kotun Tarayyar Turai ta amsa wannan tambaya a kan jinsi ranar 1 ga Maris 2011, a ƙarar da ƙungiyar kare masu sayayya ta Beljiyam mai suna Test-Achats ta shigar, inda ta hana bambanta kuɗin inshora tsakanin mace da namiji daga ranar 21 ga Disamba 2012. Kotun ba ta ce alkaluman sun yi kuskure ba, ta dai ce daidaito tsakanin jinsi ya fi su nauyi. Hukuncin bai zo kyauta ba, tunda matasan mata da suke biyan ƙasa da takwarorinsu maza su ne suka rasa rangwamensu, kuma mai adalci ba zai ɓoye wannan ba. Jihar Kalifoniya ma ta hana amfani da jinsi daga farkon 2019.

Batun makin bashi da na unguwa ya fi damuna, domin a nan ne talauci yake komawa laifi. Mutumin da ya rasa aiki ya kasa biyan bashi a kan lokaci bai manta yadda ake taka birki ba, amma a wurare da dama a Amurka kuɗin inshorarsa zai iya haura na wanda yake da kyakkyawan maki ko da shi wancan yana da tabo a tarihin tuƙinsa. Jihohin Kalifoniya da Hawai da Masacusets sun hana amfani da wannan maki a inshorar mota, kuma kasuwar inshora ba ta rushe a cikinsu ba. Unguwa kuwa tana da wata hujja da ba zan raina ba, domin inda ake yawan satar mota ko cunkoso ya yi yawa, diyya ma tana yawa. Amma mai ƙaramin ƙarfi ba shi ya zaɓi unguwarsa ba, kuɗin haya ne ya zaɓar masa, sai ga shi wanda ya fi kowa buƙatar sauƙi shi ne ake ɗora wa kaya mafi nauyi. Jihar Mishigan ta yi doka a 2019 da ta hana duba jinsi, da aure, da mallakar gida, da ilimi, da sana'a, da lambar gidan waya ta unguwa, da makin bashi, ko da yake an bar wa kamfanoni damar raba yankuna ta wata siffar, abin da yake nuna yadda ƙofar da aka rufe take iya samun taga.

Wannan taga ita ce nake roƙon hukumomi su fi mayar da hankali a kai. A yau kwamfuta ce take haɗa ɗaruruwan bayanai ta fitar da farashi, kuma idan aka hana ta duba jinsi ko ƙabila, tana iya gano su daga sana'a, da irin mota, da unguwa, ba tare da wani ma'aikaci ya umarce ta ba. Saboda haka bai isa jami'i ya karanta jerin tambayoyin da ke kan fom ya ga babu haramtacciya ya sa hannu ba. Sai an duba sakamakon, a ga su wane ne suke biya da yawa, a kuma gwada abin da kowane rukuni ya biya da abin da aka biya shi diyya. Masu zaɓe a Kalifoniya sun nuna wata hanya tun a Nuwamban 1988, lokacin da suka amince da ƙuduri mai lamba 103, wanda ya wajabta cewa abubuwa uku ne za su fi komai nauyi a farashi, wato tarihin tuƙi, da nisan tafiya a shekara, da yawan shekarun da mutum ya yi yana tuƙi, ya kuma wajabta rangwamen aƙalla kashi 20 cikin 100 ga direban da tarihinsa yake da tsabta.

Idan kuna son ganin abin da nake nufi da hanyar fita daga rukuni, ku dubi tsarin Faransa, inda doka ce ta tsara lada da horo, ba ra'ayin kowane kamfani ba. Sabon direba yana farawa da ma'auni 1.00, wato adadin da ake ninka kuɗin inshorarsa na asali da shi. Duk shekarar da ya kammala bai jawo haɗari ba sai a rage kashi 5 cikin 100, har ya sauka zuwa 0.50 bayan shekara 13, wato rabin kuɗin asali. Haɗarin da laifinsa ne gaba ɗaya yana ƙara masa kashi 25, wanda aka raba laifi kuma kashi 12.5, kuma duk yadda abin ya lalace ma'aunin ba ya wuce 3.50. Wanda ya hau sama, idan ya yi shekara biyu a jere ba tare da ya jawo haɗari ba, ma'auninsa yana dawowa 1.00. Ƙarin da ake ɗora wa sabon direba shi ma an yi masa iyaka: bai wuce kashi 100 a shekarar farko ba, ya koma 50 a ta biyu, 25 a ta uku idan babu haɗari, kuma ana raba shi biyu ga wanda ya koyi tuƙi tare da babba a gefensa ta tsarin da hukuma ta amince da shi. Ma'aunin yana bin mutum idan ya sauya kamfani. Tsarin yana da nasa rauni, domin yana sa wasu su biya ƙaramar ɓarna daga aljihunsu su ƙi sanar da kamfani don kada ma'auninsu ya tashi, kuma kamfani ne har yanzu yake yanka kuɗin asalin da ake ninkawa. Amma ɗan shekara 19 a can yana iya ɗaukar biro ya lissafa inda zai kasance bayan shekara biyar idan ya kiyaye, kuma wannan sani shi kansa yana gyara tuƙi.

Akwai wani abu da kuke cusawa cikin farashi wanda ba shi da dangantaka da kasada ko kaɗan, kuma shi ne ya fi zubar da mutuncin sauran lissafin naku. Shi ne auna wane abokin ciniki ne ba zai wahalar da kansa ya nemi wani kamfani ba, sannan a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk lokacin sabuntawa, alhali sabon shiga mai irin halinsa ana yi masa rangwame. Wanda ya fi riƙe amana shi ne yake biya da yawa, kuma galibi tsofaffi ne da waɗanda ba su saba da kwatanta farashi a intanet ba. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta Birtaniya ta hana wannan daga 1 ga Janairu 2022, ta ce kuɗin sabuntawa kada ya wuce abin da za a nema a hannun sabon abokin ciniki mai irin wannan kasada. Ban ga dalilin da zai sa sauran kamfanoni su jira sai doka ta tilasta musu ba.

Wasunku za su ce an riga an sami maganin kuɗin goro, tunda yanzu ana saka na'ura a mota ko manhaja a waya da take auna gudu, da taka birki da ƙarfi, da shan kwana, da lokacin da ake tafiya, ta yadda za a caji mutum da halinsa maimakon na tsararsa. Na yarda wannan ci gaba ne, musamman ga matashi mai hankali da ba shi da wata hanyar nuna hankalinsa. Amma na'urar ba ta san dalili ba. Ma'aikaciyar jinya da take komawa gida ƙarfe uku na dare daga aiki, da direban da ya taka birki da ƙarfi don kada ya buge yaro, duk suna iya rasa maki. Ga kuma tambayar inda bayanan suke zuwa. A Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ɗauki mataki a kan kamfanin ƙera motoci na General Motors bisa zargin tattara bayanan wuri da na halin tuƙin masu motocinsa da miƙa su ga kamfanonin da ke tara rahoto a kan mutane ba tare da cikakkiyar yardarsu ba, kuma irin waɗannan rahotanni kamfanonin inshora suna amfani da su wajen yanka farashi. Mutum ya yarda a bibiye shi don a rage masa wani abu ne, a bibiye shi bai sani ba don a ƙara masa kuma wani abu ne daban.

Kada ku ɗauka wanda aka tsauwala wa ne kaɗai yake asara. Idan kuɗin ya fi ƙarfin mutum kuma ba ya ganin ranar da zai sauka, sai ya hau titi babu inshora, ko ya sayi takardar bogi, ko a rubuta sunan uba a matsayin babban direba alhali ɗan ne yake tuƙa motar kullum, wanda yaudara ce da take iya ɓata inshorar a ranar da ake buƙatarta. Idan marar inshora ya buge mutum, wani ne zai biya. A Birtaniya akwai ofishin da aka kafa a 1946 don biyan waɗanda irin waɗannan direbobi suka yi wa lahani, kuma kuɗinsa daga kamfanonin inshora yake fitowa, wato daga aljihun masu biya da gaskiya. Inda babu irin wannan asusu kuwa, wanda aka buge da iyalinsa ne suke ɗaukar asarar.

Saboda haka ina roƙon kamfanoni su sa a takardar kowane direba, cikin harshen da zai gane, abubuwan da suka fi ɗaga kuɗinsa da gwargwadon abin da kowanne ya ƙara, tare da kuɗin bara a gefen na bana. Na san za a ce wannan sirrin kasuwanci ne, amma ba lissafinku gaba ɗaya na nema ba, dalilin da ya shafi mutumin da zai biya kawai na nema, kuma likita ma yana faɗa wa majinyaci abin da ke damunsa ba tare da ya koya masa aikin likita ba. A faɗa masa abin da zai yi kuɗin ya sauka da tsawon lokacin da zai ɗauka, a sa wa kowane laifi ranar da zai fita daga lissafi, kuma kada haɗarin da aka tabbatar ba laifinsa ba ne ya zama dalilin ƙari. Idan bayanin da kuka dogara da shi kuskure ne, kamar haɗarin wani da aka rubuta da sunansa, ya sami ɗan Adam da zai saurare shi ya gyara cikin ƙayyadadden lokaci, a kuma mayar masa da abin da ya biya a kan kuskuren.

Ku kuma jami'an hukumomi, ikon da kuke da shi na amincewa da tsarin farashi ko ƙin amincewa ba na ado ba ne. Ku wajabta wa kowane kamfani ya kawo hujjar kowane ma'aunin da yake amfani da shi kafin ya fara aiki da shi, ku fifita abin da direba yake iya canzawa a kan abin da aka haife shi da shi ko talauci ya jawo masa, ku tabbatar tarihin tuƙi mai kyau yana bin mai shi duk kamfanin da ya koma, ku kuma riƙa wallafa duk shekara abin da kowane rukuni ya biya da abin da aka biya shi diyya, domin masu mota da 'yan jarida da 'yan majalisa su iya dubawa da kansu.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai mota da ke biyan inshora